Mudi da Darar Zangon Kumashi

A shekarar da Gwalkwas ta koma Gana, labari ya cika kasuwar Yako wai Mudi ya ci jirgin ruwa a dara. Wai da mai jirgin suka kasa, ya cinye shi tas har da hular kansa, kuma wai ga shi nan tafe, ƙarti na jan jirgin da igiya ta dajin Falgore. Wata mai fura ta rantse ƙaninta ya ji kukan jirgin a Tudun Wada.

To, ni Ɗanliti, ɗan kawunsa, ni na je tarbarsa tashar Dangora. Abin da ya sauko da shi ke nan: akwatin ƙarfe, lema mai karkataccen kai, rabin huhun goro, sai tumbi. Tumbin ne kaɗai ya yi kusa da girman jirgi.

Mudi ɗan Gwaggo Saude ne, taubashina, don haka in na faɗi magana a kansa ba mai kai ni gaban alƙali. Tun yana saurayi babu abin da yake tsoro a duniya irin a ce wani ya fi shi dara. A zage shi, ya yi dariya. A ce an ci shi, ya bar tuwo. Wanda bai san dara ba, ramuka ne ake haƙawa a ƙasa, wannan ya riƙe tsinkaye, wancan duwatsu, duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. A Yako kuwa akwai ladabi: jerin uku ba a taɓa shi, sai dai ka ɗauki na gefe. A kan wannan Mudi ya gina sunansa. Zai shirya abin da ake kira doki, ya ja ɗa ɗaya nan ya ci, ya mai da shi can ya ci, yana yi yana waƙa, har sai abokin wasa ya tuna yana da aiki a gida.

Wata kaka yana kan dokin nan shanun wani makiyayi, Dikko, suka shiga gonarsa. An aiko masa sau ba adadi, yana cewa, "Saura ɗa ɗaya." Kafin ya cinye ɗan, shanu sun cinye dawa, ni a ganina har da kunyoyin gonar. Gwaggo ta zo da kanta ta rufe ramukan da ƙafa a gaban dattawa. Daga ranar Mudi ya bar dara. Shekaru yana wuce gindin tsamiyar da ake dara da kai a karkace, kamar mai ciwon wuya.

Daga baya Audu, wani fataken goro na Bebeji, ya tafi da shi Kumashi aikin ɗaurin huhu. Abin da ya faru can daga bakin Audu na ji, in na ƙara gishiri kaɗan ne. Wata la'asar Mudi ya ga Zabarmawa 'yan dako sun kewaye ramuka a inuwar mangwaro a Zango, unguwar baƙi. Audu ya ce yatsun Mudi suka soma motsi su kaɗai. Ya tsaya, ya tsuguna, ya matsa, kafin a ce me har ya zauna gaban wani tsoho siriri mai suna Hamani, wanda aka ce tun kafin yaƙin Hitila ba a tashe shi daga wurin ba.

"Baba, a ina kake so in binne ka?" in ji Mudi.

Tsoho ya ce, "Bakano, kasa mana."

Hannun bai manta ba. Nan da nan doki ya tsaya, Mudi ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya soma waƙarsa. Can tsoho ya samu ukunsa, ya miƙa hannu a hankali, ya zare ɗan tsakiyar jerin Mudi. Mudi ya cafke masa wuyan hannu.

"Kai! Ɓarawo da furfura! Ina aka taɓa cin jeri?"

"A nan," in ji tsoho.

"Audu, gaya musu!"

Audu ya ce, "Mudi, sakar masa hannu. Ka ga tsamiyar Yako a nan?"

Zango ya ɗauki dariya, har mata masu suyar ayaba suka bar kasko. A wurin nan ba jerin da ke da alfarma, kowane ɗa ciyuwa yake. Kuma suna da wata al'ada: wanda aka ci shi zai ɗebo ruwa ya yayyafa wa ramuka, ya gyara su don na gaba. Haka Mudi, dodon Yako, ya ɗauki gwangwani. Ya dawo washegari aka yanka masa doki, ya ɗauki gwangwani. Audu ya ce har yaran Zango suka zaci sabon ɗan garuwa aka kawo. Ni na ji an ce rijiyar unguwar ta ja baya da gaba uku.

Amma fa bai daina zuwa ba. Yana yayyafi yana kallo. Ya lura tsoho ba ya gina komai mai kyau, sai ya warwatsa 'ya'yansa kamar awakin bebe, ko'ina da ɗan abin da zai ci. Mudi ya haƙura da doki, ya bar waƙa, ya koyi wannan munafunci. Wajen ƙarshen damina ya tashi Hamani. Tsoho ya dubi ramuka, ya dubi Mudi, ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwani, Mudi ya riga shi.

"Haba Baba, ina raye?"

Ya ɗebo ruwan da kansa, yana tafe yana rawa. Ran nan Zabarmawa suka saya masa dafaffiyar doya har ya kasa tashi, kuma ina jin nan tumbin ya samo asali.

Da ya dawo gida Gwaggo ta tsufa, ta ce ita ta gaji da rufe ramuka. Aka zaunar da shi da Baba Inuwa, wanda ya gaji tsamiya a bayansa. Wasa ya yi zafi, Mudi ya samu uku, hannunsa ya tafi shi kaɗai ya zare tsakiyar jerin dattijo.

"Ɗan nan," in ji Baba Inuwa, "ladabin ma ka sayar ka sayi lema?"

Mudi ya tsuguna ya ba da haƙuri, aka ce wannan wasa an ci shi. Aka sake kasawa. Bai yi doki ba, bai yi waƙa ba, ya watsa 'ya'ya irin na Hamani, Baba Inuwa ya rasa ta inda ake cin sa har ya ƙare. Yara suka yi ta ihu, mai tsire ya bar wuta ya zo kallo.

Ni kuwa ba na iya shiru. Na ce, "Jama'a, ku dubi mutumin da aka ci a ƙasar Gana, ya hau jirgi ya zo aka ci shi a ƙasar Kano. Bawan Allah, saura Faransi!"

Mudi ya share ramuka da tafin hannu, ya turo mini duwatsu gabana.

"Zauna, Ɗanliti. Da dokar wace ƙasa kake so in ci ka? Biyu gare ni, zaɓi wadda za ka fi jin daɗin kuka."