Sunan Kawu Alhasan a Gonar Riɗi

Kawu Alhasan ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun da na yi wayo na san shi da lauje a hannu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, ba ya son a yabe shi a kan idonsa. Ƙauyenmu yana bakin kogi, kusa da garin Sinja. Abin da muke nomawa ba ya kai mu shekara, don haka duk kaka maza sukan hau lori su tafi yankan riɗi a wata babbar gonar kamfani da ke wajen garin Damazin. Kawu ya fara zuwa tun gemu bai fito masa ba, bai fasa ba har gemun ya yi fari fat.

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Mutanenmu a dunƙule suke karɓar aikin. Su yanka, su ɗaure, su jingina dammunan a tsaye, tarin da ake kira hilla, a ƙarshe a raba lada daidai wa daida. Samari su ne ƙarfin yankan. Dattawa irin su Kawu suna wasa lauje, suna ɗauri, suna tuƙa asida, suna raba faɗa. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya fi wa.

Ana nan, 'yan shekaru kafin yaƙin nan da ya ɓarke a ƙasarmu, kamfanin ya sayo wata manhajar kwamfuta daga ƙasar waje. Wakilin gonar, Sharfuddeen, ba mugu ba ne, baki ne da shi kawai. Ya cika wa mutane kunne da labarinta. Ya ce ita ke koya wa kanta aiki, a zuba mata bayani kawai ta yanke hukunci ba tare da injiniya ba, kuma abin da ake biya mata duk shekara ya isa a sayi sabuwar tarakta. Ni haushin abin nake ji har gobe, amma ba zan yi mata ƙarya ba. A shekarar farko ta faɗi ɓangaren gonar da zai riga nuna, kuma haka aka yi. Kawu da kansa ya ce ta san riɗi.

Sai aka ce tana so ta san ma'aikata su ma. Kullum da yamma Sharfuddeen ya riƙa bin layi da waya a hannu, yana tambayar wannan hilla ta wane ne. To, a wajenmu wane ɗa ne zai buɗe baki a gaban ubansa ya ce tawa ce? Bilyamin, ɗan Kawu, wanda ke yankan mutum biyu, ya sunkuyar da kai ya nuna mahaifinsa. Sauran samarin ma haka suka yi, kowa ya nuna babba a gidansu. Sun ɗauka yabo za a yi, yabo kuwa na manya ne.

Da kaka ta zagayo, saƙon kira ya shigo wayoyi. Kusan duk dattawan aka kira, aka bar samari a gida. Da farko abin dariya ya zama. Inna Sakinatu, matar Kawu, ta riƙa tsokanarsa wai ashe da gwarzo take zaune ba ta sani ba, har injin Turawa ya riga ta ganewa. Shi bai yi dariya ba. Ya shirya ya tafi Damazin ya sami Sharfuddeen, ya faɗa masa gaskiyar yadda aka yi.

Sharfuddeen ya saurare shi har ƙarshe. Daga baya ya ce in ya kai maganar sama, mai gonar ba zai yarda cewa abin da ya zuba wa dukiya haka ya yi kuskure ba. Cewa zai yi ƙauyenmu ne ya yi ƙarya, ya soke mu gaba ɗaya, ga wasu ƙauyuka can suna jiran gurbin. Kuma daga bana kowa ladan sunansa zai karɓa.

Da Kawu ya dawo, Bilyamin ya roƙe shi ya ba shi wayar ya tafi a madadinsa. Ina tsakar gidan, na ji amsar da ya ba shi.

"Ni anka kira. Wancan kunya ce munka yi, wanga ko ƙarya ce. Khalas, bar maganar."

Haka tsofaffi suka hau lori, samari suna tsaye suna miƙa musu kaya. Ban taɓa ganin tafiya mai ban tausayi irin wannan ba. Waɗanda suka je sun ce Kawu ya yi yanka kamar mai fansar wani abu. Yana tsoron in aikin ya gaza a gane, in an gane kuma ƙauye ya rasa gonar. Ba ya zama cin asida sai an yi masa faɗa. Ana gab da gamawa ya faɗi a cikin layi, laujen na hannunsa. Abokansa suka ja shi inuwa, suka ce wa mai tambaya ya je shan ruwa ne. Kwanakin da suka rage, kowannensu ya riƙa ɗiba daga hillarsa yana sa wa a sunan Alhasan, don kada ya koma gida hannu wofi.

A kwance aka dawo da shi. Gefe ɗaya na jikinsa ya mutu, magana ba ta fita sosai. Abin da ya fi tambaya shi ne ko riɗin ya zube, ana ce masa bai zube ba. Bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Sharfuddeen ya zo gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma ya kasa haɗa ido da kowa.

Da kaka ta sake zuwa, wayar Kawu da ke cikin kwanon Inna Sakinatu ta yi ƙara. Manhajar ta zaɓe shi, kuma shi ne a sahun gaba, domin a ganinta bara ba wanda ya kai shi yanka. Bilyamin kuwa bai sami kira ba, don ita ba ta taɓa ganin ya yanki ko dami ɗaya ba. Gidan ba hatsi, ga ƙanne. Inna ta riƙe wayar ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ajiye ta kusa da takalman ɗanta.

Ranar tafiya Sharfuddeen ya tsaya a bakin lori yana kiran sunaye. Ya san wanda aka binne, ya kuma san in ya goge sunan gidan ba shi da kowa a gonar. Bilyamin yaro ne da ko a bayan ido bai taɓa furta sunan mahaifinsa ba. Sharfuddeen ya kafa ido a kan wayarsa, ya rage murya.

"Alhasan Abdulƙadir."

Inna Sakinatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Bilyamin ya tsaya har aka kusa wucewa zuwa suna na gaba, sannan ya ce, "Na'am," ya kama ƙarfen lorin ya hau.