Dinaran Inna Yalwa

Ranar wata Laraba ce, a daminar shekarar da aka fara shari'a a Katsina, ina 'yar shekara tara. Na dawo daga Islamiyya kaina ya ɗau zafi, don malaminmu ya ce duk mai riƙe da laya ya yi shirka, makomarsa wuta. Ni kuwa na san kakata Inna Yalwa tana da layu guda bakwai a zare ɗaya, a ƙarƙashin jeren kwanoninta. Tana can ƙuryar gida tana ba awaki dusa na lallaɓa na ɗauko su, na wuce murhu da turmin daka, na saki a tsohuwar rijiyar gidanmu a Daura. Nauyinsu ya ba ni mamaki. Na tafi wasan 'yar gala-gala ina ganin na ceci tsohuwa.

Ashe babu laya ko ɗaya. Inna ta yi shekara goma sha biyu a Makka tana sayar da abinci, tana bin 'yan gwanjo tana tsinto tsofaffin dinarai na zinariya, kowanne da sunan sarkin da ya buga shi. Mijinta da take kira Malam, wanda ya rasu a can, shi yake karanta mata rubutun jikinsu. Ta sa baduku ya ɗinke su a fata ne don kada ɓarawo ya kula. Sai da ta neme su ta rasa na ji wannan labarin. Ta zazzage ɗaki, ta kwance katifa, ta tone daɓe da hannunta. Ba ta zargi kowa ba. Abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, "Na Bagadaza ne Malam ya fi so."

Kalma ɗaya daga bakina ta isa a kira masu yasar rijiya. Tsoron bulalar Baba ya hana ni, daga baya kunya ta karɓa. Kullum ni take aika ɗebo ruwan alwala, ina jan guga ina kauda kai, tana sa mini albarka. Bayan shekara uku ta rasu.

Yanzu an cike rijiyar, yayana ya gina ɗakin baƙi a kanta, har da tayil. In na je gida nan ake sauke ni, ni kuwa sai in kwashi tabarmata in koma tsakar gida. Suna cewa birni ya sa mini iyayi. Har yau ban faɗa wa kowa ba, kuma wadda ya kamata ta ji ba ta nan.