Ranar da Na Zama Mai Yi wa 'Yar Farina Tambayoyi

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara yi min gardama ba, wata mata ta yi sallama gidanmu a Ƙofar Kuyambana, da jaka a kafaɗa da tabarau a goshi. Bayan gaisuwa ta ce a jami'a take aiki, ofishin da ke taimaka wa malamai neman tallafin bincike. Wai game da 'yata ta zo.

'Yar farina ce, ba na faɗin sunanta. Malama ce a can, tana aure a Gyallesu. Na san dai tana bin gidaje tana ɗibar ruwan rijiya a kwalabe, ban taɓa tambayar dalili ba.

Matar ta ce, "Inna, takardunta sun wuce, babu na biyunsu. Saura ganawa da masu bayar da tallafin. Bara a nan ta faɗi. In ta sake faɗuwa, aikin rijiyoyin ya mutu."

Na ce, "To ni ina ruwana? Ko alif ɗin boko ban sani ba."

Ta yi dariya. "Ai ke kika jawo mana. Ana tambayarta me ya sa ita ta cancanta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ɗan ƙoƙari ne aka yi, akwai waɗanda suka fi ta. Su kuwa sai suka yarda da ita, suka bai wa wani."

Na harare ta. Na ce tarbiyya kenan, mace ba ta yabon kanta. Ta ce ta sani, ita ma haka aka rene ta, amma a wannan ɗakin wanda bai faɗi abin da ya iya ba, da hannu wofi yake fita. Sun gwada ta a ofis, ba ta jin tsoron kowa a cikinsu. "Ta ce duk duniya ke kaɗai take shakka. In ta iya faɗa a gabanki, an gama."

Ranar Asabar da hantsi suka zo. Na sa mayafin zuwa biki, na hau kujera, kamar wata alƙaliya. Matar ofis ta raɗa min tambayar, na maimaita da muryar da nake korar awaki da ita.

"Me ya sa za a ba ki, ba a ba wata ba?"

'Yata ta duƙa, ido a tabarma. "To, Inna, in Allah ya nufa..."

"Ba wa'azi na ce ki yi min ba. Hau kujera."

Ta hau rabin kujera.

"Ɗago ki dube ni."

Wallahi da na faɗi haka sai da bakina ya yi nauyi. Ni da na yi shekaru ina cewa ta sauke ido. Ta ɗago, muka haɗa ido, sai dariya ta kama mu duka, har matar ofis ta riƙe ciki. Na gimtse. Na ce, "Ni dai da kuɗin nawa ne, ba zan ba ki ba. Ɗibar ruwa a kwalba, ai kowa ya iya."

Nan fa ranta ya ɓaci. Ta miƙe zaune.

"Kowa, Inna? Wane namiji ne zai wuce zaure ya isa bakin rijiya a cikin birni? Ni matan suke buɗe wa ƙofa, don sun san gidan da na fito. Ni na gano rijiyoyin da ke kusa da salga su ne ke sa wa yara gudawa da damina. Na san abin da za a gyara, na san yadda za a gaya wa maigida ba tare da ya ji an raina shi ba. Babu wanda zai yi aikin nan kamar ni!"

Ni ban taɓa sanin abin da take yi kenan ba. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce wake na kan wuta, na shige madafa. Babu wake ranar.

Da sakamako ya fito an ba ta, a gaban mutane cewa na yi, "To, madalla." Amma dambun da na aika ofishin matar nan, sai da aka kira na ofishin maƙwabta suka taya su ci. Tun daga nan take kirana shugabar kwamiti, ni kuma nake ce mata mai ɓata 'ya'yan mutane.

Har gobe ban ce tarbiyyata kuskure ba ce. Kunya ado ce, da ita na aurar da ita. Na dai gane akwai ɗakin da ake cire ta a bakin ƙofa kamar takalmi, a fito a mayar. Kwanaki wata baƙuwa a gidan suna take ba da labarin malamar da ta sa aka gyara musu rijiya, tana tambaya ko wani ya san ta. Na gyara zama, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni na haife ta."