Gudun Miƙa Sanda a Kabo

Ƙanena yana da jinkirin fahimta tun yana ƙarami. Ya haura talatin, yana zaune da Inna a Gammo, yana kiwon awakinta, kuma duk wanda ya taɓa ganin ya bi akuyar da ta tsinke ya san akwai gudu a ƙafarsa. Ni kuwa malamin makaranta ne a Gwarzo, na daɗe ina ba mutane labarin irin tseren da na yi a samartaka. Yawancin waɗanda za su ƙaryata ni sun bar gari.

Wata shekara da kaka, masu horar da wasanni suka zo Kabo daga Kano, suka ce a kawo musu masu irin lalurarsa. Inna ta ƙi, tana tsoron a mai da shi abin dariya. Ni na lallashe ta, na ce yanzu ƙasashe da yawa suna shirya wa irinsu gasa, har jirgi ake hawa. Na yi bayanin kamar wanda ya je ya gani, alhali a rediyo na ji.

Ranar Asabar na goya shi a babur, na sha kaftani mai guga, don na ɗauka kujera za a ba ni a inuwa. Muna isa filin firamare, wata mata mai usur a wuya ta ce kowane ɗan wasa zai yi gudu da wani nasa, ɗaya ya miƙa wa ɗaya sanda.

"Hajiya, ni rakiya na yi," na ce.

"Yayana ya fi kowa gudu," in ji ƙanena da ƙarfi. "Shi ya gaya min."

Kowa ya juyo. Na cire agogo, na naɗe ƙafar wando.

Shi ya fara. Kafin in gama addu'a ya bar sauran a baya, ya danƙa min sandar. Na zabura. Da farko abin ya yi kyau. Sai hulata ta faɗi, ƙirjina ya ɗauki zafi, tumbina ya kama nasa gudun daban. Wata uwa da ta shigar wa 'yarta ta wuce ni da zaninta, har ta ce min sannu. Ƙanena yana bi na ta gefen fili yana ihu: "Yaya, ka ɗauka akuya ce ta tsinke!"

Mu muka zo na ƙarshe. Ina durƙushe ina haki, ya dafa bayana ya ce kar in damu, zai koya min.

Masu horarwar suka ɗauke shi, suka haɗa shi da wani tela maƙwabcinmu ya zama abokin gudunsa. Ni aka ba ni riƙon ruwa.

Bayan 'yan watanni aka kai su gasa Kano, suka zo na biyu a rukuninsu. Da aka kira shi karɓar lambar yabo, sai da ya bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa, yana tambayar gida da iyali da gajiya, taro duk yana jira. Na kira Inna a waya don ta ji tafi. Da tafin ya lafa, sai ta tambaya ko ya ci abinci.