Ƙullin da ya kori Babana daga GRA

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hudu Direba. Da ba don abin da ya faru watan jiya ba, da addu'a zan yi masa a ɗaki in yi shiru kamar kowace shekara. Dangin Nasiru, wanda zan aura, suka fita bincike yadda aka saba. Baffansa ya zaga Gawuna kwana biyu, ya koma da magana guda: yarinyar ba ta da aibu, amma an ce ubanta korarsa aka yi daga wani gida a Nassarawa GRA saboda ya yi wa maigidansa asiri. Sai aka dakatar da sa rana. Mutum ya shekara goma sha ɗaya a kabari, ƙaryar da aka yi masa tana nan da ranta. To, bari in faɗi abin da Baba yake yi a gidan nan, kowa ya ji.

Shekarun nan ne da mai ya yi tsada a duniya, 'yan kwangila suka rasa inda za su kai kuɗi. Alhajin da Baba ke yi wa tuƙi, ba zan kama suna ba, ya sayo wata mota daga waje, tsawonta kamar bas ɗin Legas. Cikinta gida ne sosai, da gado da kicin da banɗaki. Idan aka danna wani maɓalli sai gefenta ya turo waje a hankali kamar wani ɗaki, falon ya ƙara faɗi. Ba ta taɓa wuce Zariya ba. Tana nan ƙarƙashin mangwaro, ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya shiga da baƙinsa, a turo ɗakin suna kallo, su yi ta salati.

Ɗakin nan a kan boris yake tafiya, ƙananan tayoyin ƙarfe masu ƙwallaye a ciki, jere a kan layin ƙarfe biyu. Babu bakaniken da ya san kansa a garin nan, don haka Baba ya koya wa kansa. Da durowar Umma ya nuna mini yadda abin yake. Ya karkata kabad ɗin kaɗan, ya ce, "Uwata, ja." Na ja, ta cije. Ya daidaita shi, ta fito sumul. Ya ce haka ɗakin yake: in motar ta karkata ko da yatsa guda ne, nauyin duka sai ya koma kan boris ɗin gefe ɗaya, su fashe. Kuma ƙasan mangwaron nan da damina lotsawa yake yi.

Shi ya sa duk ranar Alhamis yake cika kwanon sha da ruwa, ya ajiye a tsakiyar falon, ya duƙa yana kallon bakin ruwan, yana ɗaga jak ɗin da ke tokare da gefen motar har sai ruwan ya zauna daidai. Yana kulle ƙofa, don in wani ya shigo yana takawa ruwan zai girgiza. Idan ya danna maɓallin sai ya riƙa ƙirge a hankali, don ya san lokacin da ɗakin ke ɗauka kafin ya gama fita. In ya ƙaru, akwai abin da ya fara ciwo. Daga nan ya shiga ƙarƙashi, ya kafa sukudireba a jikin ƙarfen, ya ɗora kunne a kan mariƙinta yana saurare. Boris ɗin da ya mutu kuwa sai ya wanke shi da kananzir, ya ƙulle ƙwallayen a tsumma, ya kai kasuwar 'yan kayan mota don a gwada a ba shi daidai su.

Yanzu ku tsaya a tagar kicin ku kalli wannan da idon Iro, kukun gidan. Mutum ya kulle kansa a inda maigida ke zama, ranar Alhamis, da kwanon ruwa, bakinsa na motsi, ya fito da ƙulli. Ban ce Iro jahili ne ba. Ni zargina ma ya fi haka muni, domin ya sha tsayawa kan Baba yana kallon sifana a hannunsa.

Wata Juma'a Alhaji ya kishingiɗa a motar bayan baƙi sun tafi, ya tashi ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Mutumin da likita ya daɗe yana yi wa faɗan hawan jini. Kafin a dawo da shi daga asibiti, Iro ya kai wa Hajiya, matar Alhaji, wani ƙullin farin tsumma da ya ce ya tsinta ƙarƙashin kujera. Aka kira Baba tsakar gida, gaban maigadi da gadina. Abin da ya ce kawai, "Hajiya, boris ne." Wallahi har yau ina jin haushinsa a kan wannan. Da ni ce, da sai na kwance motar gaba ɗaya a gabansu. Shi kuwa ya ajiye makulli a kan tabarma, ya ce Allah ya ba Alhaji lafiya, ya tako da ƙafa har Gawuna. Mako bai zagayo ba ɗan yayar Iro ya zama direban gidan. Ku haɗa da kanku.

Shekara biyu Baba ya ƙara a duniya, yana jan tasi ta wani. A masallacin unguwa ba wanda ya taɓa ce masa komai, sai dai sahu ya riƙa ɗan buɗewa a gefensa. Umma ta ce wannan ne ya cinye shi, ba ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Wayar da ke hannuna tana da abin auna karkata, ba sai da kwano ba, kuma da ya buɗe ta zai ga wani Bature kwance ƙarƙashin irin motar nan yana yin abin da yake yi, sai ya nuna wa Hajiya. Amma ban tabbata hakan zai cece shi ba. A wayar nan dai ake tura hoton ƙulli ba tare da an kwance shi ba, kafin la'asar ya zaga Kano.

Ni ban iya zaman jira ba. Na je na sami baffan Nasiru a Badawa, inda yake da injinan niƙa, na ce ya zo mu je gidan Alhajin tare. Ya ce, "Ke yarinya, ba a haka." Na ce, "Baffa, ka yi kwana biyu kana jin ta bakin mutane, ka ba ni awa ɗaya ka gani da idonka."

Alhaji ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Motar tana nan inda take, tayoyi sun zauna, ɗakin ya tsaya rabi a waje ya sunkuya gefe ɗaya, kaji na kwana a ƙasansa. Maigadi ya ce wata uku bayan tafiyar Baba ɗakin ya cije, sabon direban ya yi ta danna maɓalli har wani abu ya yi ƙara. Hajiya ta karɓe mu a falo. Da na faɗi ko ni wace ce, sai ta ce, "Allah sarki, 'yar Hudu. Ai mun yafe masa tuntuni."

Na ce, "Hajiya, ba yafiya na zo nema ba. Ƙullin nan, kun kwance shi?"

"An kwance. Wasu 'yan ƙarafa ne kamar tsakuwa, guda bakwai."

"Wa kuka nuna wa?"

Ta dubi carbinta, ta ce a kawo mana ruwa.

Da muka fito Baffa ya naɗe babbar rigarsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ɗakin, ya zura hannu, ya fito da ƙwallo ɗaya mai tsatsa yana murza shi. Ya ce, "Irin wannan nake canjawa a injina duk wata shida. Wanda ya riƙe abin nan shekaru yana shiga yana fita, ya san aikinsa." A hanya ya ce zai gaya wa 'yan'uwansa a sa rana.

Na ce na gode, amma saura abu ɗaya. Wanda ya ba shi labarin a Gawuna, Baffa ya koma ya gaya masa abin da ya gani, a inda ya ji, gaban waɗanda suka ji. Sai Baffa ya fara gyaran hula. Wai mutumin dattijo ne, a sahun farko yake salla, ba daɗi. Sunansa ma ya ƙi faɗa mini.

Idan na auna abin da ya rage na Baba, ba shi da yawa. Aikin da ya koya wa kansa ya tafi da shi, motar ta zama akurki, gidan da muke ciki na haya ne. Sunansa kaɗai ya bar mana, shi ma a hannun mutane yake. Umma tana ta roƙona in yi haƙuri, kada in kori miji a kan wanda ya riga ya tafi. Ina son Nasiru, ba na ɓoyewa. Amma 'ya'yana ba za su tashi ana raɗa a kan kakansu ba. Ranar da Baffa ya koma wurin dattijon nan, a sa rana. Kafin nan ina gidanmu.