Keken Da Ya Ƙi Yadin Inna

Keken ɗinkin da na fara cin abinci da shi na mahaifina ne, baƙin ƙarfe mai takawa da ƙafa, wanda ya sayo a Kamba tun ba a haife ni ba. Da ya rasu, 'yan'uwana maza suka raba gona da awaki, ni aka turo mini keke, har dangi suna cewa an cuce ni. Da shi na riƙe kaina da mahaifiyata shekara da shekaru a zauren gidanmu a Gaya ta bakin iyaka, ina ɗinka wa matan direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da na 'yan kasuwa atamfa da leshi.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma faɗa mini magana kai tsaye. In tana son abu sai ta gaya wa bango, ni kuma in ji. Ni ko Allah ya yi ni da saurin baki da saurin hannu, ba na son kwana-kwana. Mun sha ɓatawa a kan wannan.

Wata Juma'a cikin bazara wani tsoho maƙwabcinmu ya rasu da hantsi. Zafi ya yi yawa, ana son a kai shi kafin a tafi masallaci, dattawan da suka saba ɗinka likkafani kuwa ba sa kusa. Babban ɗansa ya shigo zaurena da yadin a hannu, idonsa jawur. Ban tsaya tunani ba, na karɓa na hau keke, kafin ya gama share fuska na miƙa masa. Da ya fita sai na ga Inna tsaye a bakin ƙofar cikin gida, tana kallon bango.

Ta ce, "A gidanmu ba a ɗinka wanga da keke. Allura ta hannu aka sa, kuma ba a ƙulla bakin zare. Keke ko, kowane taki sai ya ɗaure. Mai tahiya ba a ɗaure shi."

Na ce, "Haba Inna, al'ada ce fa, ba addini ba. Da sai mu bar bawan Allah cikin zafin nan muna neman mai allura?"

Ta juya ta koma ciki.

Bayan 'yan makonni, ana saura kaɗan a yi babbar Sallah, ta fito da wani farin yadi daga ƙasan akwatinta ta ajiye a kan teburin keke. Yadi ne mai laushi, mai sanyin taɓawa, da wani ɗan ƙamshi irin na abin da ya daɗe a rufe. Ta gaya wa bango cewa riga take so, doguwa, mai faɗi, ba ado a wuya, ba aljihu. Na yi dariya na ce ashe bana Inna za ta fita Idi da gayu. Tana juyawa na lura da wuyan hannunta, yadda ya koma kamar kara. Kwanakin nan kuma furarta rabi take sha ta rufe. Na kawar da kai na ɗauko almakashi.

Na yanka, na haɗa, na sa a keke na taka. Ƙarar keken daidai take, allura na shiga tana fita yadda ta saba. Da na ɗaga yadin sai na ga zaren sama kwance kawai, bai kama na ƙasa ba. Na ja bakinsa da yatsa biyu, ya zare gaba ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ya bar jerin ƙananan huji a jikin farin yadin. Na yi tsaki, na ɗauko ƙyallen atamfa na gwada. Keke ya ɗinka tsaf, ƙulli bayan ƙulli. Na mayar da yadin Inna, ya sake yin yadda ya yi.

Tela ba ya tsoron keken da ya lalace, aikinmu ne. Na canza allura, na juya ta, na sa siririya. Na ciro ƙoshiyar da ke riƙe zaren ƙasa, wadda muke ce wa nabet, na hura ta, na share ƙurar auduga da gashin kaza, na ɗiga mai. Na warware zaren ƙasa na sake naɗewa. Na ɗaure ƙusar da ke matse zaren sama, na sassauta, na sake ɗaurewa. Na shimfiɗa takarda a ƙarƙashin yadin yadda mahaifina ke yi wa yadi mai santsi. Kwana uku ina wannan fama, kayan Sallar mutane na jibge a gefe, duk wanda na sa a keken kuwa lafiya lau yake fita.

Inna na kan tabarmarta a ƙofa tana jan carbi. Ta ce wa bango, "Allura ta hannu ba ta ƙin yadi."

Raina a ɓace na ce, "Ina da keke a gabana in koma ɗinkin hannu kamar zamanin kakanni? Wallahi sai ya ɗinka."

Da farko na ɗauka keken ne ya ɗanɗana likkafanin maƙwabcinmu ya koyi ɗinkin da ba ƙulli, ya ɗauki kowane fari a matsayin na mamaci. Tunanin banza ne, na sani, amma ya zauna mini. Don in kore shi na ɗauko farin yadin da aka kawo mini na rigunan 'yan lakkwal, yaran makarantar boko, na sa. Keken ya ɗinka shi ƙam. Na sa farar shadda, ya ɗinka. Na sa farin gyale, ya ɗinka. Na mayar da na Inna, zare ya kwanta a kai ba ƙulli ko ɗaya. Tsakar rana ce, rana na dukan kwano, ana jin ƙahon manyan motoci daga wajen duwan, ofishin kwastan, mai ƙosai na kira a bakin titi, amma tsigar jikina ta tashi har tsakiyar kaina. Ba fari keken ya ƙi ba. Na mahaifiyata kaɗai ya ƙi.

Na aika aka kira mini mai gyara, wani dattijo da ke zama bayan kasuwa, mai tabarau ɗaure da zare. Ya kwantar da kan keken, ya juya shi a hankali yana saurare da kunne ɗaya. Ya nuna mini ɗan ƙugiyar da ke cafko zaren sama ya ce bakinta ya cinye, tana zuwa a makare, shi ya sa yadi mai laushi ke kuɓuce mata. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, don magana ce ta ƙarfe da mai. Ya goga, ya daidaita, ya ɗaure. Ya gwada a ƙyallaye kala-kala, har da hankicinsa, wanda ya fi yadin Inna laushi, duk suka kama.

Sai na miƙa masa yadin. Ya taka, ya ɗaga, ya ja zaren, zaren ya biyo hannunsa. Bai sake gwadawa ba. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya kai shi hanci, sannan ya ɗaga kai ya dubi cikin gida inda tarin Inna ke fitowa. Ya ninke yadin da hannu biyu a nutse, ya ajiye.

Ya ce, "Hajiya, wanga ba aikina ba na."

Na ce, "Kamar yaya? Ba kai ne mai gyara ba?"

"Keken ya tsuhwa, kayansa sun ƙare a kasuwa. In kina so ki sayi wani. Amma da ni ne, da na yi abin da tsohuwa ta ce."

Na miƙa masa ladansa, ya ƙi karɓa, ya hau kekensa na hawa ya tafi ko waige babu.

Zan faɗi gaskiya, tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. A raina na ɗaura rayuwar Inna a kan rigar nan. Na ce in ta ɗinku, ɗinkin ya kama, to Inna za ta sa ta ta je Idi, ta dawo ta ci nama, ta yi mini faɗa da bango shekara mai zuwa. In ba ta ɗinku ba, ban yarda in ƙarasa tunanin ba. Washegari da safe na cusa yadin a jaka, na hau kabu-kabu na ƙetare gadar kogi zuwa Malanbil, garin kasuwa da ke ƙetaren iyaka. Lokacin gadar a buɗe take, ruwan kogi ya ja baya, jakuna na kwasar yashi a gaɓa.

Rumfar mai kekuna na can cikin kasuwa, bayan 'yan albasa. Kawunan kekuna ne jere a ƙasa, baƙaƙe, kamar awaki sun kwanta a inuwa. Akwai tsofaffi na gwanjo, waɗanda ake kira okaziyo, da jirgin ruwa ke kawowa ta Kwatano, wasu da rubutun masu su na dā a jiki, mutanen da ba wanda ya san ko suna raye. Akwai sababbi 'yan Sin masu fentin furanni. Akwai masu aiki da kuran, wato wutar lantarki, waɗanda ban ko kalla ba, don kuran Gaya ba abin dogaro ba ne ga mai kayan Sallah.

Mahaifina ya koya mini yadda ake zaɓen keke. A ɗaga shi a ji nauyi, a juya shi a saurari cikinsa, a duba haƙoran da ke jan yadi, a girgiza sandar allura a ga ko tana rawa. Ranar nan ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa mai rumfar ya ɗora mini su a teburi ɗaya bayan ɗaya, ni da yadina zan gwada.

Ya ce, "Fofo, sannu da zuwa, Hajiya. Ga wanga, ƙarhe na gaske, jikokinki ma za su ci shi."

Ya ɗora wani tsoho mai nauyi, ɗan'uwan na mahaifina sak. Ya gwada a ƙyallensa, ɗinki kamar zane. Na sa yadin Inna na taka, na ja zare, ya zare. Mai rumfar ya yi dariya ya ce hannuna ne. Ya ɗora na biyu, shi ma tsoho, ya taka da ƙafarsa. Ya ja zaren, ya biyo shi. Dariyar ta tsaya. Ya goge hannunsa a riga, ya matsa baya kaɗan, bai ƙara taɓa yadin ba.

Na nuna wani sabo mai furanni, marar nauyi, wanda ko mace mai ciki za ta ɗauka da hannu ɗaya. Ƙararsa ma ba daɗi, kamar ana kaɗa gwangwani. Amma ya ciji yadin ya ɗaure shi tamau, na ja da ƙarfina zare bai motsa ba. Mai rumfar da kansa ya ce wannan ba zai kai rabin shekarun tsohon ba. Na ce na ji, a ɗaure mini shi. Na san ba keken kirki na saya ba, kuma ban damu ba.

Kafin azahar na iso gida. Na kwance kan keken mahaifina na ajiye a lungu na rufe shi da buhu, na ɗora sabon a kan teburinsa, na maƙala igiyar da ke juya shi. Na ɗinka rigar tas, kowane gefe layi biyu, na koma da baya a kowane ƙarshe don kada ya kwance ko da wasa. Na kai wa Inna a kan tabarmarta ina haki kamar wadda ta yi tsere. Ta kama gefen rigar da hannu biyu ta ja, ɗinki ko gezau. Na ce, "To, wa ya ci? Ni ko keke?"

Ta ce wa bango a ba ta reza. Na ɗauka wani ɗan zare ne ya fito, na miƙa mata. Sai ta sa bakin rezar a ɗinkin ta fara tsinkewa, taki ɗaya bayan ɗaya.

Na daka tsalle. Na ce mata kwana huɗu ban huta ba, na ƙetare kogi, na kwance keken ubana saboda rigar nan, ita kuma don ta nuna mini tsufa ya fi ni za ta lalata. Na faɗi maganganu da har yau nake jin kunyarsu.

Ta ɗago ta dube ni, ni, ba bango ba. Ban tuna ranar da ta taɓa yin haka ba.

Ta ce, "Ke, zamna."

Na zauna.

"Wagga riga ba ta Idi ba ta, ta tahiya ta. Ƙanena ya kawo min yadin daga Makka, an wanke shi da zamzam. So nike hannun ɗiyata ya ɗinka min, ba hannun maƙwabta ba, kuma in gani da idona. Ƙarhe ya gane, mai gyara ya gane. Ke ma kin gane, ƙi kika yi."

Gaskiya ta faɗa. Tun ranar da ta ce kada a sa aljihu na gane. Na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka irin na yara, ita kuwa ta ci gaba da tsinkewa a bisa kaina, ina jin ƙarar rezar kusa da kunnena. Da na gaji na karɓi ɗaya gefen muka yi tare. Layi biyun da na yi don taurin kai sai da suka kai mu la'asar.

Inna ta ga Sallar nan, amma daga kwance, ba ta kuma ga ƙarshen damina ba. Wannan daga baya ne. A ranar dai, da muka gama tsince guntayen zare, ta ciro allura daga bakin zaninta ta ba ni. Na zura zare, yatsuna suka ƙulla bakinsa da kansu yadda suka saba, ban ma sani ba. Ta karɓa, ta cije ƙullin da sauran haƙoranta ta tofar gefe, ta miƙo mini ta ce in fara daga kafaɗa.