Wajen Barira Mai Kifi

In baƙo ya sauka a Madarumfa ya tambayi hanyar tafki, ba wanda zai kira masa sunan titi. Cewa ake yi: miƙe har wajen Barira mai kifi, ka karya dama, za ka ga ruwa. Tun tana goyon ɗanta na fari take zama a gindin bishiyar bedin nan da kaskonta. Da sanyin safiya ta sayi karfasa wurin masunta, ta kankare, ta soya, ta barbaɗa yajin da ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ke cikinsa ba. Mijinta ya rasu, ta yi takaba, ta dawo wurin. 'Ya'ya suka girma suka watse, ita tana nan. Mace ce mai faɗa, sai dai faɗan ba ya kwana, kuma wanda duk ya wuce bai gaishe ta ba sai ta kira shi ya dawo.

Autarta Sa'adatu aure ya kai ta Beljik, can ƙasar Turai, inda mijinta ke tuƙin babbar mota. Da cikinta na fari ya tsufa, ba halin ta zo gida haihuwa, sai aka yi wa Barira takardu ita ta je. A nan aka samu saɓani. Sa'adatu tana so uwar ta zauna har arba'in, ta yi mata wankan jego kamar yadda aka yi wa yayyenta. Barira ta ce da an yi suna za ta juyo, domin akwai Zulai, wata mai suya da ta daɗe da sa wa gindin bedin nan ido. A ranta kuma tana ganin shagwaɓa ce kawai ke damun yarinyar. Mutum yana ƙasar da ruwan zafi ke fitowa daga bango, amma kullum a waya sai, "Inna, babu kowa nan." To ina mutanen suka je? Ai a talabijin titunansu cike suke.

Ta ɗaure garin kunu da kanwa, ta tashi tare da Larai, wata ungozoma 'yar garinsu da za ta je ƙaro ilimi a can. Jirgi ya sauke su a Lizbon, babban birnin Fotugal, da hantsi, wanda zai ƙarasa da su kuwa sai yamma. Larai ta taɓa ratsawa ta garin.

"Yaya Barira, tashi mu tahi ki ga gari," in ji ta. "Zaman nan ba abin da za shi ba mu sai ciwon baya."

Suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka fito tsakiyar birni, suka kama tafiya a ƙasa. Abin da ya fara ɗaukar hankalin Barira daɓen hanya ne, 'yan duwatsu baƙaƙe da farare an jera su kamar saƙar tabarma, har ta tausaya wa gwiwoyin wanda ya yi aikin. Wani ɗan jirgin ƙasa ruwan ɗorawa ya wuce su yana hawan tudu yana kuka. Ta ɗaga kai ta ga shanya a tagogi, har da ɗan kamfai, sai ta ji hankalinta ya kwanta: ashe su ma wanki suke yi kamar kowa. A ƙarshe suka ɓulla wani babban fili a bakin ruwa, ruwa mai faɗin gaske.

Sabon takalmi ya ciji Larai, ta zauna a kan dakalin bakin ruwan. Barira kuwa hancinta ya riga ya jiyo ƙamshin kifi a wuta.

"Zamna nan, in je in gano 'yan sana'ata."

"Kada ki ɓace, Yaya."

"Ni? Ni da ake kwatance da ni?"

Ta tafi tana sa alama yadda ta saba. A kwanar farko ga tsohuwa mai sayar da furanni. A ta biyu ga wani mai gemu yana kaɗa molo irin nasu. A ta uku kuwa wani gunki ne ruwan azurfa a kan akwati, da malafa a kansa, ya miƙa hannu ɗaya sama. Da shi ta fi yarda, don mutum yana iya zagayawa bayan gida, gunki kuwa ba ruwansa.

Can saman tudu ta iske mai kifin, wani dattijo mai tumbi a ƙofar gidan abinci, yana gasa ƙananan kifi a gawayi. Gishiri kawai ya sa, ko cikin bai fasa ba. Ta yi masa barka da aiki da Hausa, ya amsa da nasa yaren, suka yi dariya. Ta nuna kifin, ta nuna ƙirjinta, ta yi kamar tana juya kasko. Ya gane. Ya ɗora mata ɗaya a kan burodi. Ta ci, kuma gaskiya ta ji daɗi, ko da yake ba za ta faɗi haka a Madarumfa ba. Ta kwance ƙullin yajinta ta barbaɗa masa a wani, ya kai baki, ya yi ta tari yana jinjina mata hannu, idanunsa na ruwa.

Da ta gangaro, babu gunki. Ta duba nan, ta duba can, ta ce ko ba kwanar ba ce. Ta bi wata, babu mai molo. Ta bi wata, babu furanni, ko ganye ɗaya bai faɗi a ƙasa ba. Sai ga shi ta hango shi a kan matakalar wani shago, mutumin azurfar, ya cire malafa, waya a kunne, yana cin burodi. Ta yi a'uzubillahi a fili.

Daga nan tsoro ya shige ta. Wayar salularta ba ta aiki a ƙasar. Mutane kuwa ga su nan, sun fi na ranar kasuwa, kowa na sauri. Ta yi wa wata sallama, matar ta yi murmushi ta wuce. Ta tsaya a tsakiyar hanya, ana kauce mata kamar yadda ake kauce wa turmi. A garin nan kaf ba wanda ya san uwar wane ce ita, ba wanda zai ce ya ga ta bi ta nan. Ta ji kaɗaici irin wanda ko a takaba ba ta ji ba, don a takaba ɗakinta bai rabu da masu gaisuwa ba.

Wata mata ce ta watsa ruwan wanke ƙofar shagonta, ruwan ya bi gangare. Barira ta bi shi da ido. A garinsu duk ruwan da ya zuba tafki yake nufa. Ta gyara mayafi ta yi ta gangara, duk inda hanya ta rabu ta ɗauki wadda ta fi yin ƙasa, har iskar ruwa ta bugi fuskarta. Larai tana tsaye a kan dakalin, takalmi a hannu, tana leƙen kawunan mutane.

"Ban motsa ba," in ji Larai. "Na ce in na tashi biɗarki, mu duka mun ɓace."

Barira ta riƙe hannunta, kuma ba ta sake shi ba har filin jirgi. A can ta ce a kira mata Sa'adatu da wayar Larai.

"Inna, kun isa Lizbon lahiya?"

"Lahiya lau. Ke, in kin hito ƙohwar gida da sahe, wa kike gaidawa?"



"Ba kowa, Inna."

"Maƙwabta hwa?"

"Ban san sunansu ba. In shi ya tahi aiki, wani lokaci sai in wuni ban buɗe baki ba."

Barira ta daɗe tana kallon jiragen da ke bayan gilashi. Tausayin ɗiyarta ya cika mata ƙirji.

"To. Sai na yi miki arba'in."

"Wurinki hwa, Inna? Zulai?"

"Ta zamna. Inuwa ce, ba ni na dasa ba."

Sa'adatu ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa.

"Ke, bari! Mai ciki ba ta kuka haka," in ji Barira, tana share nata idon da bakin mayafi. "Ki samo mini babbar tukunyar ruwan jego, ga ni nan tahe."